Yadda Ƙafa Dubu Biyu Suka Ɓace Tsakanin Baki Da Kunne

Da asubahin ranar Lahadi, 19 ga Fabrairu, 1989, wani katafaren jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 ya tashi daga filin jirgin sama na Changi a Singafo, ya doshi Kwala Lumfur, babban birnin Malesiya. Tafiyar gajera ce, kamar ta rabin sa'a a sama. An tsara zai yada zango a filin jirgi na Subang, daga can ya wuce Hong Kong. Jirgin mallakin Flying Tiger Line ne, wani tsohon kamfanin jigilar kaya na Amurka da aka kafa tun 1945. Mutum huɗu ne a cikinsa: kyaftin, da mataimakinsa, da injiniyan jirgi, da makaniki guda. Babu yaro a cikinsu, don kowannensu ya ba shekara hamsin baya.

Saura kimanin kilomita 12 ya kai filin jirgi, sai ya daki gefen wani tudu, ya kama da wuta. Ba wanda ya fita da rai. Wutar sai da ta kwana biyu tana ci.

Wurin da jirgin ya daka, tsayinsa daga doron teku ƙafa 437 ne kacal, wato mita 133. Duk wanda ya san aikin tuƙin jirgi, da jin wannan adadi zai riƙe baki. A ƙa'ida, jirgin da ke gangarowa zai sauka yakan rage kamar ƙafa 300 a duk tafiyar da ta kusa kilomita biyu. Ke nan wanda ya rage masa kilomita 12 ya kamata a same shi a sama da ƙafa dubu biyu ko kusa da haka. Shi kuwa wannan, ko ƙafa 500 bai kai ba. Tsawon jirgin kansa mita 70 ne, don haka tazarar da ke tsakaninsa da doron teku ba ta kai tsawonsa biyu ba. Me ya sauko da shi tun filin jirgi yana nesa? Ina ƙafa dubu biyun suka shiga?

Faɗowa ya yi ko saukowa?

Abin da hankali ke fara kawowa shi ne inji ya mutu, ko wani abu ya karye, jirgi ya ƙwace daga hannun matuƙa ya rikito. Bincike bai gano haka ba. Matuƙan ba su yi kiran neman agaji ba, ba su kuma shaida wa hasumiyar filin jirgi cewa suna cikin wata matsala ba. Jirgin yana hannunsu har ƙarshe, yana bin duk abin da suka umarce shi. Masana hatsarin jiragen sama suna da rukuni na musamman da suke saka irin wannan hatsari, wato lafiyayyen jirgi, a hannun matuƙa masu hankalinsu, ya je ya daki ƙasa ko tsauni ba tare da sun san yana gabansu ba.

Wannan kaɗai ya sauya tambayar. Tunda ba faɗowa ya yi ba, to sauko da shi aka yi da gangan. Matuƙin jirgi kuwa ba ya sauka don ra'ayin kansa a sararin da ke ƙarƙashin kulawar hasumiya, sai an ba shi izini, an kuma faɗa masa iyakar inda zai tsaya. Saboda haka masu bincike suka koma neman abu guda: wa ya ce su sauko ƙafa 400? Jami'in hasumiya ƙafa 2,400 ya nufa, kuma ita ce ƙa'idar wannan wuri. Matuƙa kuwa ƙafa 400 suka nufa. Ɓangarorin biyu kowa yana ganin a kan daidai yake. Dole a wani wuri tsakanin bakin mai magana da kunnen mai saurare wani abu ya salwanta.

Abin da baƙin akwati ya riƙe

Kowane babban jirgi yana ɗauke da na'urori biyu da ake kira baƙin akwati, duk da cewa launinsu ruwan lemo ne don a gane su cikin tarkace. Ɗaya tana naɗar motsin jirgi, ɗayar tana naɗar duk maganar da aka yi a ɗakin matuƙa, har da wadda ta shigo ta rediyo. A cikin ta biyun aka tsinci bakin zaren.

Da jirgin ya matso, jami'in hasumiya ya kira shi da Ingilishi, harshen da ake aiki da shi a sararin samaniyar duniya, ya ce: "Tiger 66, descend two four zero zero," ya ƙara da ba shi izinin tunkarar titin sauka mai lamba 33. Tiger 66 shi ne sunan da ake kiran jirgin da shi a rediyo. Kalmar descend tana nufin sauko ƙasa. Sauran kuwa lambobi ne da ya jero ɗaya bayan ɗaya: biyu, huɗu, sifiri, sifiri. In an haɗa su, 2,400 ke nan.

Kyaftin ya amsa: "Okay, four zero zero." Huɗu, sifiri, sifiri. Biyun farko ta faɗi.

A nan sai a tsaya a sake sauraron jimlar jami'in, a rufe ido, a manta da rubutu. Bayan descend, sautin da ya biyo baya shi ne "tu". A Ingilishi wannan sauti ɗaya yana da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai two, wato biyu. Akwai to, wato zuwa. Jami'in two ya faɗa, yana nufin lambar farko ta 2,400. Kyaftin to ya ji, sai jimlar ta zame masa "descend to four zero zero", wato sauko zuwa 400. Babu kalmar da ta ɓata a iska, babu wadda ƙarar rediyo ta haɗiye. Duk abin da aka faɗa ya isa kunne cif. Lamba ce ta shiga kunne ta koma kalmar nahawu, ta tafi da ƙafa dubu biyu.

Akwai abin lura a nan wanda bai kamata a wuce shi da gaggawa ba. Wanda ya ji two a matsayin to Ba'amurke ne, da Ingilishi ya buɗe baki, da shi ya yi aiki duk rayuwarsa. Ba ƙarancin sanin harshe ya jawo masa ba. Wannan ya buɗe wata sabuwar tambaya: ta yaya harshe zai bar kalmomi biyu da ake amfani da su dare da rana su zama sauti ɗaya?

Yadda kalmomin suka haɗe

Da can ba haka suke ba. A tsohon Ingilishi na shekaru dubu da suka wuce, adadin biyu twa ne, da wasali mai tsawo, ana kuma furta harafin w sarai. Har gobe a harshen mutanen Sukotlan ana jin twa. Ita kuwa kalmar da ke nufin zuwa, ana furta ta da "o" mai tsawo, kusan yadda Bahaushe ke cewa "to". Ko kurma ba zai haɗa su ba.

Sai sauti ya fara tafiya. A kudancin Ingila, dogon "a" ya karkata ya koma "o", shi ya sa tsohuwar kalmar stan ta zama stone, ham ta zama home, twa kuma ta zama two, har lokacin da w ɗinta a baki. Bayan nan, tsakanin wajejen 1400 zuwa 1700, aka yi wani gagarumin sauyi da ya taɓa dogayen wasulan Ingilishi gaba ɗaya. A cikinsa ne rufaffen dogon "o" ya haura ya zama "u", abin da ya sa ake rubuta moon da food da "o" biyu amma ana furta su da "u". Kalmomin nan biyu duk suka bi wannan ayari. Ya rage w kaɗai ke raba su, ita ma ba ta daɗe ba. Da w da "u" duk da zumɓura leɓe ake yin su, sai ɗaya ya narke cikin ɗaya, kamar yadda ya faru a kalmar sword, wadda ake rubuta ta da w amma ba a furta shi.

Rubutu bai bi baki ba. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, daidai lokacin da sautuka ke tsakiyar sauyawa. Masu ɗab'i suka riƙa daidaita yadda ake rubuta kalmomi, ƙamusoshi irin na Samuel Johnson na 1755 suka ƙara ɗaure su. Shi ya sa w ya zauna daram a rubutun two bayan ya daɗe da barin baki. Wanda ke son ya ji shi da rai sai ya nemi danginta: twin, twice, twelve, twenty, between, duk daga tushen biyu suka fito, duk kuma ana furta musu w.

Akwai ma ta uku, too, mai nufin "kuma" ko "fiye da kima". Asalinta ita da to kalma ɗaya ce, a ƙarni na 16 aka fara ƙara mata "o" don a bambanta su a takarda. Sakamakon duk wannan tafiya shi ne, ido yana ganin kalmomi uku, kunne yana jin ɗaya. A takarda ba yadda za a yi kyaftin ya karanta two ya ɗauka to ce. Rediyo kuwa ba ta da haruffa.

To me ya sa ba kullum ake hatsari ba?

Wannan bayani bai isa ba tukuna. Kalmomin sun yi ɗaruruwan shekaru da haɗewa, miliyoyin mutane suna faɗarsu kowace sa'a, ba kuma a jin an samu ruɗani. Me ya bambanta wannan jimla da sauran?

Amsar tana cikin abin da ke kewaye da kalma. In mutum ya ce "I bought two goats", babu mai zaton zuwa yake nufi, don jimlar ba za ta yi ma'ana ba. In ya ce "I am going to Kano", babu mai jin biyu a ciki. Ƙwaƙwalwa tana gwada ma'anonin, ta yar da wadda ba ta zauna ba, tun kafin mai saurare ya san an yi zaɓi. Ƙari a kan haka, 'yan asalin harshen in suna hira sukan gajarce to ta zama ɗan sauti mara nauyi, su bar two da cikarta. Wannan ɗan bambanci shi ke fara raunana a rediyo, inda ake faɗar kalmomi ɗaya-ɗaya da nauyi iri guda, ga ƙara, ga karin harshen ƙasashe daban-daban.

A jimlar da aka faɗa wa Tiger 66, abubuwa uku suka haɗu. Na farko, kalmar descend a maganar yau da kullum to ke bin ta, don haka kunnen Bature yana jin ta zai fara jiran to. Na biyu, an jero lambobin ɗaya-ɗaya, yadda in ta farko ta fita, abin da ya rage shi ma cikakken adadi ne. Na uku, babu kalmar dubu, babu kalmar ɗari, babu kalmar ƙafa, wato babu wani abin da zai yi karo da kuskuren. Da jami'in ya ce "two thousand four hundred feet", kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada, da ruɗanin bai samu wurin zama ba, domin "to thousand four hundred" ba Ingilishi ba ne, kunne zai ƙi shi nan take.

Nan ne zuciyar al'amarin. Kalmomi biyu masu kama da juna ba sa zama haɗari sai a inda kowace daga cikinsu za ta iya zama a gurbin ta ba da jimla mai ma'ana. A irin wannan wuri mai saurare ba ya jin wani abu ya yi masa tsaye, ba ya shakka, ba ya tambaya. Yana da tabbacin ya ji, alhali abin da ya ji ba shi aka faɗa ba.

Shingaye uku da suka faɗi

Masu tsara harkar jiragen sama sun daɗe da sanin kunne yana kuskure, shi ya sa ba su bar rai ya rataya a kan ji ɗaya ba. Akwai shingaye da aka gitta don tare irin wannan. A wannan asuba guda uku ne, kuma kowanne ya isa ya ceci jirgin.

Na farko shi ne maimaitawa. Doka ce matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi, jami'i kuma ya saurara ya tabbatar. Kamar uwa ce ta aiki yaro kasuwa ta ce masa "maimaita in ji": amfanin abin yana ga ta kasa kunne da gaske, ba ta riƙa gyaɗa kai hankalinta na kan tukunya ba. Kyaftin ya maimaita, kuma abin da ya maimaita kuskure ne a fili, lambobi uku a maimakon huɗu. Jami'in bai gyara masa ba. Shi ma abin da yake tsammani ya ji: ya faɗi lambobin da suka ƙare da huɗu, sifiri, sifiri, aka mayar masa da huɗu, sifiri, sifiri. Da kyaftin ya juya adadin ya ce "four hundred feet", da wuya jami'in ya bar shi ya wuce, don ba mai ba jirgi izinin sauka ƙafa ɗari huɗu a wannan nisa. Maimaitawar da aka yi da siga ɗaya da ta umarnin, sai ta ɗauko raunin umarnin ta dawo da shi.

Na biyu shi ne taswirar sauka. Titin jirgi mai lamba 33 yana da na'urar da ke jagorantar jirgi, ta nuna masa hanya ta kuma nuna masa gangara, amma ba ta aiki a lokacin, an kuma sanar da matuƙan. Abin da ya rage shi ne tsohuwar hanya, ta bin wata tashar rediyo da ke ƙasa, wadda ke nuna shiyya kawai, ba ruwanta da tsayi. Mai bin wannan hanya dole ya ɗauki tsayinsa daga taswira, mataki bayan mataki. A taswirar kuwa 2,400 ne a rubuce. Kallo ɗaya ya isa. Amma mataimakin kyaftin, wanda shi ke riƙe da tuƙi a wannan zango, ba shi da taswirar a gabansa, har an ji shi a faifan yana ƙorafin haka. Ya kuma nuna ya fi son su zagaya su sauka ta ɗaya ɓangaren, titi mai lamba 15, inda na'urar jagora ke aiki. Kyaftin ya kawar da maganar, ya ce ya san filin. Mataimakin bai dage ba.

Wani ruɗanin na suna ya riga ya cinye musu hankali kafin nan. An umarce su su nufi wani wuri da ake kira "KL", alhali abubuwa huɗu ne a yankin ake kira da waɗannan haruffa biyu, ciki har da tashoshin rediyo da shi kansa filin jirgin. Mintunan da ya kamata su yi suna nazarin taswira, sun tafi wajen gardamar wace tasha za a kamo, wace hanya za a bi. Umarnin sauka ya zo ya same su hankali a rabe.

Na uku shi ne na'urar gargaɗi. Tun tsakiyar shekarun 1970 hukumomin Amurka suka wajabta wa manyan jirage ɗaukar wata na'ura da ke auna kusancin ƙasa, in ta ga haɗari ta yi kururuwa da muryar mutum tana cewa a ɗaga jirgi sama. Ta yi, ba sau ɗaya ba. Ba wanda ya ja jirgin sama. Mutumin da ya sakankance hasumiya ce ta ba shi izinin inda yake, ya fi saurin zargin na'ura a kan ya zargi kunnensa.

Yanzu hoton ya cika. Jami'i ya faɗi adadi ta hanyar da ba ta bi ƙa'ida ba. Kyaftin ya ji to a inda aka ce two. Ya maimaita ta hanyar da ta ɓoye kuskuren, jami'i bai kama ba. Taswirar da za ta ƙaryata shi ba ta gaban mai tuƙi. Wanda ya ji a jikinsa akwai matsala ya yi shiru saboda na gaba da shi ya yi magana. Na'ura ta yi ihu, ba a kula ta ba. Kalmar ita ta buɗe ƙofa, amma sakaci da ganin an sani su suka bar ta a buɗe.

Yadda masu sana'ar suka ɗaure harshe

Wannan hatsari ya zama darasin da ake koya wa matuƙa, ana kunna musu faifan su ji da kunnensu. Wani masanin harshe, Steven Cushing, ya kawo shi cikin littafinsa Fatal Words na 1994, wanda ya tattara hatsarurrukan da magana ta haddasa. Abin sha'awa shi ne irin maganin da masu wannan sana'a suka zaɓa. Ba su tsaya ga cewa kowa ya ƙara kula ba, don sun san mai kula ma yana kuskure. Sun gyara maganar ne yadda kuskuren ba zai samu ƙofar shiga ba.

Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ta tanadi cewa tsayi irin wannan a faɗe shi da dubu da ɗari. A Amurka cewa ake "descend and maintain", sai adadi ya biyo, babu to a tsakani. A Birtaniya in za a faɗi to sai an bi ta nan take da kalmar altitude ko height, don kada ta jingina da lamba. Lambobin kansu an sauya musu furuci: three ta zama "tree", five ta zama "fife", nine ta zama "niner", don kada biyar da tara su yi kama a rediyo. An gajarce affirmative ta koma affirm, saboda ƙarshenta iri ɗaya ne da na negative, in farkon ya yanke ba a sanin e aka ce ko a'a. Ba Ingilishi kaɗai ke da wannan dabara ba. Jamusawa in suna faɗar lamba a waya sukan ce zwo maimakon zwei, don kada ta yi kama da drei.

Mafi munin hatsarin jirgin sama a tarihi shi ma ya bar irin wannan gado. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, mutum 583 suka rasu. Cikin abubuwan da suka jawo shi akwai yadda aka yi amfani da kalmar takeoff da kalmar okay, kowane ɓangare ya fahimce su yadda yake tsammani. Tun daga nan aka taƙaita takeoff, ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, a sauran wurare departure ake cewa. Daga 2008 kuma ICAO ta wajabta wa matuƙa da jami'an hasumiya masu aikin ƙasa da ƙasa su kai wani mataki na ƙwarewa a Ingilishi. Aka kuma shigo da horon da ke koya wa ƙaramin matuƙi ya buɗe baki ya dage in ya ga ba daidai ba, babba kuma ya saurara.

Wannan tsararriyar magana ita ake koyarwa a Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, da makarantar EAMAC da ke Yamai. Duk jirgin alhazan da ya tashi daga Kano ko Sakkwato ya nufi Jidda, da ita ake miƙa shi daga hasumiya zuwa hasumiya har ya sauka.

Abin da ya shafi mai koyon Ingilishi

A makarantunmu, darasin kalmomi masu rikitarwa yakan zo a dogon jeri: their da there, advice da advise, lose da loose, stationary da stationery. A haddace, a rubuta jarrabawa, wanda ya kuskure a ja masa jan biro, wani lokacin har a yi masa dariya. Sanin su yana da kyau, kuma mai son rubutunsa ya yi tsabta dole ya san su. Amma labarin Tiger 66 ya nuna ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Wanda ya rubuta "I will advice you" ya yi kuskure, sai dai kowa ya gane nufinsa, ba abin da ya salwanta. Masu haɗarin su ne waɗanda kowace a cikinsu ke ba da magana mai ma'ana: fifteen da fifty a bakin likita yana faɗa wa nas yawan magani ta waya, thirteen da thirty wajen tura kuɗi, can da can't a layin da ke yankewa, hypo da hyper a kan mai ciwon sukari, inda ɗaya ke nufin sukari ya yi ƙasa, ɗaya ke nufin ya yi sama, maganinsu kuma kishiyoyin juna ne. Waɗannan su suka fi cancantar lokacin malami.

Maganinsu kuwa ba ya buƙatar digiri. In an faɗa maka adadi, mayar da shi ta wata siga dabam da wadda aka faɗa: aka ce fifteen, ka ce "one five", ko ka ce goma sha biyar in mai maganar yana jin Hausa. In kai ka ba da saƙo, saurari abin da aka mayar maka kamar ba ka san amsar ba. Abin da ke da nauyi a rubuta shi, a kuma duba rubutun. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka faɗa, ko da wanda ke gabanka ya girme ka ko ya fi ka muƙami, don ladabi bai hana a ce "ranka ya daɗe, a sake dubawa" ba.

Da yawa daga cikinmu kunya ke hana mu cewa a maimaita, kada a ce ba mu iya Turanci ba. Wannan kunya ba ta da tushe. Raunin yana cikin harshen kansa, tarihi ne ya gina shi a ciki, kuma yana kama ɗan asali kamar yadda yake kama baƙo. Mutanen da suka fi kowa ƙwarewa a magana ta rediyo, waɗanda rayukan ɗaruruwa ke hannunsu kullum, doka ce ta tilasta musu su maimaita, su tambaya, su tabbatar. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma ya kamata a koya wa yaranmu cewa neman a sake faɗa yana cikin iya harshe, tun daga ajin da aka fara koya musu bambancin to da two.